Ɗaki ɗaya a bayan gida: wa zai duba, kuma yaushe?



A ƙasar nan tamu, daga Anka zuwa Bukkuyum da Zugu har Gummi, gida ba ya gama ginuwa. Yaro ya isa aure, a yanka masa sashe. Tsohuwa ta dawo hannun ɗanta, a tayar mata da ɗaki. 'Yan shekarun nan kuma ga 'yan'uwan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, sun iso da tabarma da tukunya, kuma babu mai kunyar Allah da zai bar su a waje. Sai maigida ya kira magini, a ja igiya inda turken awaki yake.

Doka tana da magana a kan wannan ɗaki. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce sai da izini ake gini, ta kuma hana hukuma jan mai nema fiye da wata uku. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari aikin jiha ne. Ke nan gyaran yana hannunmu a Zamfara, ba sai mun jira Abuja ba.

To amma ku auna wata uku da lokacin magini. Kuɗi na shigowa bayan kaka. Tubali na son iskar hunturu da ranar bazara, rufi kuma dole ya hau kafin ruwan farko. Mutumin Gummi da aka ce ya kawo zanen gini, ya bi ta Daki Takwas da Anka ya kai Gusau, a kan hanyar da kowa ya san halinta, ya koma ya jira, to damina za ta riga takardarsa isowa. Shi ya sa yake gininsa shiru. Ni ban ga laifinsa ba, amma ina jin tsoron abin da ba a duba ba.

Na taɓa tsayawa a wani gida da aka ƙara wa sashe. An haƙa sabon masai, na taka daga bakinsa zuwa rijiya, taku bakwai. Ma'aikatan lafiya kan so a bar wajen mita 30. Indararon sabon ɗakin kuwa yana zuba a gindin katangar maƙwabci, ƙasar har ta fara zaizayewa. Matar gidan na ɗebo ruwan tana dama wa yara koko. Duba-gari ɗaya, da minti goma, ya isa ya hana wannan kafin a sa fatanya.

Kuma mun ɗanɗana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Bagega, Dareta, Abare, 'Yargalma da maƙwabtansu, domin a cikin gidaje ake daka dutsen zinariya. A irin waɗannan garuruwa, inda aka ɗebo ƙasar tubali tambaya ce ta rai da mutuwa. Ambaliyar Gummi ta Agustan 2024 kuma ta nuna mana abin da ruwa ke yi in ya tarar da gini a hanyarsa.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, da matsalar gidaje ta matse su, sun wajabta wa hukuma amsa wa mai ƙara ƙaramin gida a filinsa cikin kwana 60. Mu namu ɗakin bai kai nasu wuya ba. Roƙona ga hukumar tsara birane ta jiha shi ne ta sauko da wannan ƙaramin izini sakatariyar ƙaramar hukuma. Takarda shafi ɗaya, da Hausa. Mai unguwa ya shaida iyaka, duba-gari ya zo ya ga hanyar ruwa da tazarar masai da rijiya, ya ga ko taga na leƙa gidan maƙwabci, abin da malamanmu na Malikiyya suka hana tun da daɗewa. Amsa ta fito cikin mako biyu, kuɗin kada ya wuce na buhun siminti, wanda kuma ya sauki 'yan gudun hijira a yafe masa.

Shugabannin ƙananan hukumomi uku na iya gwada wannan a bana, tun kafin a fara kwaɓa ƙasa.