Ciwon Sukari Na Yara: Gado Ne Ko Talauci?



Yawancinmu mun ɗauka ciwon sukari cutar manya ce, ta attajirai waɗanda suka ci suka ƙoshi. To, yana kama yara ma, har da na goye, kuma ba ya kama su daidai wa daida. Abin da zan yi bayani a kai yau shi ne dalilin da ya sa 'ya'yan wata al'umma suka fi na wata kamuwa da shi, da kuma abin da ya sa ya fi hallaka ɗan talaka.

Da farko, ya kamata mu sani ciwon iri biyu ne. A jikin mutum akwai wani ruwa da ake kira insulin, wanda ke ɗebe sukarin abinci daga jini ya shigar da shi tsoka, ya zama ƙarfi. A iri na farko, jiki ne da kansa ke lalata sashen da ke yin wannan ruwa. Shan alewa ba ya kawo shi, ba kuma sakacin uwa ba ne, kuma yaron ba zai rayu ba sai da allurar insulin kullum. A iri na biyu kuwa, ruwan yana nan amma ba ya aiki sosai a jiki. Wannan shi ke tafiya da ƙiba da rashin motsa jiki da gado.

Iri na farko ya fi yawa a arewacin Turai. A ƙasar Finlan, cikin yara 100,000 'yan ƙasa da shekara 15, fiye da 50 ke kamuwa kowace shekara. A Amurka kuma, wani babban bincike mai suna SEARCH, wanda aka soma a 2000, ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2017 iri na farko ya ƙaru ga yara da matasa da kashi 45 cikin 100, iri na biyu kuwa da kashi 95, watau ya kusa ninkawa. Na farkon ya fi kama 'ya'yan farar fata. Na biyun ya fi kama 'ya'yan baƙar fata, da na mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, da na waɗanda asalinsu daga Meziko ne da maƙwabtanta.

Wani zai ce, ashe abin a jini yake. Lalle jini yana da nasa rabo, amma a saurari labarin ƙabilar Pima. Waɗannan mutane manoma ne a bakin kogin Gila, cikin jihar Arizona. A ƙarshen ƙarni na 19 baƙi suka zauna sama da su suka karkatar da ruwan, gonaki suka bushe, yunwa ta shigo. Sannu a hankali cimarsu ta koma fulawa da sukari da kitse. Suna da 'yan'uwa a duwatsun Meziko waɗanda suka ci gaba da noma da cin abin da suka shuka. Wani bincike da aka buga a 2006 ya sami ciwon sukari ga kashi 38 cikin 100 na manyan Pima na Arizona, na Meziko kuwa kimanin kashi 7 kawai. Tushensu ɗaya, zamansu ne ya bambanta. A cikin Pima na Arizona ɗin ne kuma likitoci suka ba da rahoton iri na biyu ga yara tun 1979.

Bayan an kamu ma, bambancin bai ƙare ba. A 2015 an gano a Amurka cewa yara baƙar fata ba sa samun na'urar da ke zuba insulin a jiki kamar yadda 'ya'yan farar fata ke samu, ko da samun iyayensu ɗaya ne. A nahiyarmu abin ya fi tsanani. Wani bincike na 2005 ya ƙiyasta cewa yaron da ya kamu da iri na farko a karkarar Mozambik ba ya wuce wata bakwai a duniya. Alhali kuwa tun 1921 aka gano insulin a Toronto ta Kanada, aka soma yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a 1922, ya farfaɗo. Maganin yana nan, nisan asibiti da tsada da rashin sani su ke kashe yaran.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan ƙasarmu sau da yawa akan ɗauki ciwon a kan zazzaɓin cizon sauro ko sammu, har yaro ya suma kafin a gane. Sabo da haka a lura da waɗannan alamu: ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, komawa fitsarin kwance bayan an daina, rama alhali yana cin abinci, da kiyashi su riƙa taruwa inda ya yi fitsari. Duk wanda ya ga haka kada ya bari a kwana, ya kai yaron asibiti, ya roƙi a auna sukarin jininsa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa.

In an ɗora shi a kan allura, kada a tsayar da ita don an ga ya sami sauƙi, kada kuma a musanya ta da saiwa. A ajiye maganin wuri mai sanyi, inda babu firji a sa shi cikin mazubi mai murfi a tukunyar ƙasa. Mazauna birni kuma su rage wa yara lemon kwalba, su bar su su yi wasa a fili. Malaman makaranta, kada ku hana irin wannan yaro fita fitsari ko shan ruwa.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya.