Shirin Tafiyar Kwana Shida Zuwa Tafkunan Dutsen Kenya



An nemi mu yi bayani a kan yadda ake shirya tafiyar ƙasa ta kwanaki zuwa tafkunan da ke bisa duwatsu domin kamun kifi. Mun ga ya fi kyau mu ɗauki wuri guda wanda muka taka da ƙafarmu, watau Dutsen Kenya, mu bi shirin daki-daki.

Wannan dutse shi ne na biyu a tsawo a Afirka, bayan Kilimanjaro. Ƙololuwarsa, wadda ake kira Batian, tana da mita 5,199, kuma a 1899 ne Halford Mackinder da abokan tafiyarsa biyu suka fara hawanta. An mai da wurin gandun hukuma a 1949. Tafkunan suna gefen gabas, ta hanyar garin Chogoria. Tafkin Ellis yana wajen mita 3,500, na Michaelson kuwa yana dab da 4,000. Don ku gane abin da waɗannan alƙaluma ke nufi, birnin Kano bai kai mita 500 ba, Chappal Waddi kuma, wanda babu dutsen da ya fi shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ashe ke nan ƙofar shiga gandun ta wannan hanya, da ke kusa da mita 3,000, ta riga ta ɗara duk inda ɗan Nijeriya zai iya tsayawa a ƙasarsa.

To, a nan ne babban haɗarin yake. Idan mutum ya yi sama, iska takan yi sirara, numfashi ɗaya ba ya kawo wa jini abin da ya saba samu. Ciwon kai ne ke fara zuwa, sa'an nan tashin zuciya da rashin barci. In aka yi taurin kai aka ci gaba da hawa, ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma wannan yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfin jiki ba ya tsare kowa. Sau da yawa ma 'yan wasan ƙwallo ne ke fara faɗuwa, domin su ne masu sauri. Shawarar likitoci ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa sa ranar hutu. A kan wannan muka gina jadawalinmu: daren farko a ƙofar gandu, dare biyu a bakin Ellis, na huɗu a Michaelson, sauran kwanakin na saukowa da na ko-ta-kwana. Duk da haka, ɗaya daga cikinmu ya wayi gari a Ellis yana tari, yana haki ko da a zaune yake. Ya yi ta rantsuwa cewa mura ce. Jagoranmu bai saurare shi ba, ya haɗa shi da mutum biyu suka sauka da shi nan take, kuma kafin yamma numfashinsa ya daidaita. Tun a gida ya kamata ayari ya yi alkawari cewa maganar jagora ce ta ƙarshe a kan wanda zai juya, domin a bisa dutse kunya takan hana namiji faɗin gaskiyar jikinsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar amosanin jini, watau rukunin AS, mafi yawa ba tare da wata alama ba. A wuri mai tsawo irin wannan, saifar mai AS tana iya samun matsala mai tsanani. Kowa ya yi gwajin jini, ya ga likita. Mai SS kuwa, a ganinmu, ya haƙura da wannan tafiya.

Lokaci mafi dacewa shi ne Janairu da Fabrairu, ko daga Agusta zuwa Satumba, sa'ad da ruwan sama ya ja baya. Kada kasancewar dutsen a tsakiyar duniya ya ruɗe ku. Kowane mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6, saboda haka a bakin Michaelson ruwan buta yakan daskare da dare. Sanyin hunturun Jos wasa ne. A tanadi jakar barci mai kauri, da tanti, da rigar ruwa, da takalmin da aka riga aka yi makonni ana tafiya da shi a Kufena ko duwatsun Shere. Sabon takalmi ya fi ɓauna hana mutum isa, ko da yake ɓaunar ma tana nan a dajin gora na ƙasa, har da giwa.

Guzurinmu na gida ya yi mana rana: kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo da garin kunu. A wannan tsawo ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 90 ba, don haka wanda ya ɗauko wake zai ƙarar da man rishonsa bai ci ba. Tun 2020 Kenya ta hana shiga gandunanta da robar ruwa ta sha-ka-yar, sai a nemi gora mai ɗorewa. Masu salla su lura cewa alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata gabas. Mun ga wanda ya fuskanci gabas bisa sabo har aka gyara masa. Hukuncin ƙasaru da na taimama kuma a tambayi malamai tun kafin a tashi.

Sai batun kifin. Ba ɗan asalin wurin ba ne. Turawa ne suka kawo shi Kenya a 1905, suna kiransa tirawut, kuma ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi ƙwarai. Wanda ya saba da Argungu, inda ake faɗawa ruwa da homa da gora, zai ga abin baƙo. Fatsa ake yi, da ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta bisa ruwa a hankali. Sai da lasisi, kuma yawancin abin da aka kama akan mayar da shi ruwa. Ruwan garau yake, kifin yana ganin inuwar mutum, don haka da sassafe ko dab da magariba ya fi kamuwa. Mu dai kwana biyu muka yi a Ellis muka kama uku, muka ci ɗaya. Kada kowa ya lissafa kifi cikin abincin tafiya.

Kuɗin jagora da na 'yan dako a yanke shi a Chogoria kafin a ɗaga kaya, a kuma duba ko suna da abin rufa kamar namu, gama sanyin da ke cinmu shi ke cinsu. A bar wa ofishin gandu sunayen ayari da ranar da ake sa ran fitowa.

Shugaba, mun ga lokaci ya ja. Taswirar hanya da jerin kaya suna nan a kan tebur ga mai son kwafa, kuma muna sauraron tambayoyi.