BA A BA MAI BASHIN ƁOYE TSARON ƘOFA

Laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Magamar Jibiya



Kun fi ni sanin hanyar nan tun daga Katsina har Ɗan Isa, kun san yawan shingen da ke kanta. An rufe iyaka a 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a 2024 aka buɗe. Cikin dalilan da ake ba mu har da wai tsaro. To, yau ina tambaya, shi mai tsaron ƙofar, wa ya bincike shi?

A Amurka, kafin a yarda mutum ya ga asirin gwamnati sai ya cika takarda mai tsawo, ya faɗi bashin da ya gaza biya da harajin da bai ba da ba. Sa'an nan masu bincike su bi sawu. Ba su hana mutum don ya taɓa cin bashi, gama bashi hanji ne, yana cikin kowa. In ciwo ne ya jawo masa, ko rashin aiki, kuma yana biya kaɗan-kaɗan, akan yi masa uzuri. Amma in ya ɓoye aka gano, to, ƙaryar ta fi bashin nauyi, domin wanda ya san asirinsa ya riƙe masa linzami.

Su ma da wuya suka koya. Akwai wani ma'aikacin leƙen asirinsu, Aldrich Ames. Bashi ya sha masa kai, a 1985 ya tafi ofishin jakadancin Tarayyar Soviet ya sayar da asiri kan dala 50,000. Daga nan bai iya komawa baya ba. Mutanen da ya tona an kashe da dama cikinsu. Har gidan dala 540,000 ya saya kuɗi hannu, ba a kama shi ba sai 1994.

Kada wani ya ce mu ba mu da irin wannan doka. Muna da ita, tana kwance cikin littafi. Ƙa'idodin aikin gwamnati sun sa nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffukan ma'aikaci. Tsarin mulkin 1999 ya ce ma'aikacin gwamnati ya bayyana dukiyarsa da bashinsa ran da ya kama aiki, da kowace shekara 4, da ran da ya sauka, kuma ƙarya a takardar nan laifi ne. A 2019 an hukunta Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen a kan haka. Amma takardun suna kulle a ofis, talaka ba ya ganinsu.

Ga inda abin ya taɓa aljihunku. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti don binciken masu sayar da guraben aikin gwamnati. Ku yi tunani, yaro ya jinginar da gonar ubansa, ya ranto kuɗi ya sayi aiki. Ran da aka ba shi kaki, da ƙarya ya shiga, da bashi ya shiga. Ina zai samo kuɗin biya? Wurin mai buhun gero biyu a bayan babur! Wanda kuwa ya ranta masa, in motarsa ta iso shinge da dare, wa zai buɗe ta? Ta haka bindiga ke wucewa, mu kuwa mu kwana muna sauraren harbi.

Mu ma da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Ɗan kasuwar da ke ba ma'aikacin shinge shinkafa bashi, ya ce "ranka ya daɗe, sai ƙarshen wata", shi ma ya san abin da yake saye.

Abin da jam'iyyarmu ke nema shi ne duk wanda za a turo iyakar nan a binciki bashinsa tukuna, babba da yaro, a kuma sake bincike muddin yana nan. Wanda ya faɗi gaskiya a taimake shi ya biya, albashinsa ya zo a kan kari. Wanda ya ɓoye a ɗauke shi daga ƙofa. Takardar koke tana wurin sakatare, a ƙarƙashin rumfar can. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa kafin ya koma kasuwa.