Jawabi a Kan 'Yan Kalare da Tsaron Kai a Garin Gombe

Ya ku malamai da almajirai, ku saurara. Ana cewa Gombe gari ne na lafiya in an gwada shi da maƙwabtansa. Na yarda, amma mai faɗin haka da rana yake faɗi.

Ku sani Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, jama'a suka yi ta kwararowa, samari suka yi yawa, sana'a ta yi kaɗan. Sa'ad da zaɓen 2003 ya zo, waɗansu masu neman mulki suka tara yaran nan da ake kira 'yan Kalare, suka ba su kuɗi da ƙwaya. Zaɓe ya wuce, kuɗi suka ƙare, adda kuwa tana hannu. To, a kan wa za ta sauka in ba talaka ba?

Kada lissafin 'yan sanda ya ruɗe ku, abin da aka kai ƙara kaɗai ake rubutawa. Wanda aka ƙwace wa waya a Bolari ko Jekadafari, sau da yawa gida yake komawa ya yi shiru, domin ya san uban yaron, kuma yana tsoron ramuwa.

Ku almajirai, in za ku karatun dare, ku tafi a ƙungiya. In an tare ku da makami, ku miƙa wayar.