Abin Da Muka Gano A Mai Wurno: Jawabi Ga Taron Hausawa Mazauna Abuja

An ce mu ba da labarin ziyarar da muka kai wa danginmu a ƙasar Sudan a 2018, mu huɗu daga gida ɗaya. To, ga shi a taƙaice.

Yadda aka yi muka yi dangi a can, tsohon zance ne. Da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka yada zango a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Garin ya ci sunansa. Ƙanen kakanmu kuwa daga baya ya tafi, da niyyar aikin hajji a ƙasa. Guzuri ya ƙare, ya shiga tsinkar auduga a gonakin Jazira, ya yi aure, shi ke nan.

Daga Khartum muka hau mota ta Wad Madani. Jama'a, da muka sauka sai muka ga kamar ƙauyen Sakkwato aka ɗauko aka ajiye. Katangar ƙasa, zaure, almajirai da alluna, amalanken jaki na jigilar ruwa. Fillanci da Larabci sun fi yawa a bakin mutane, amma a gidan danginmu Hausa ake yi, irin ta dā, da kalmomin da mu nan muka daina ji tun rasuwar kakanni. Da safe a ba ka gahawa mai citta, da rana kisira, wato wani fallen waina na dawa, da dare asida, wadda tuwo ce kawai ta sake suna. A kan gadon igiya muka kwana a tsakar gida. Mun bi su gonar dawa da riɗi, kwana biyu bayanmu ya gaya mana cewa zaman ofis ya lalata mu. Tsire kuwa, duk Sudan agashe suke ce masa, kun ji Hausa ƙarara.

Amma abin da ya tsaya mana a rai ba abinci ba ne. Wani dattijo cikinsu ya ce shi da ubansa duk a can aka haife su, amma in rigimar gona ta tashi, sai a tuna musu cewa su baƙi ne. Mun ɗauka ƙorafin tsufa ne. Sai ga shi a watan Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba, ɗaruruwa suka mutu. Mu da muka taru a nan tun da gwamnati ta taso daga Ikko a 1991, a ƙasar da muka tarar da Gbagyi suna nomanta, ai wannan magana ba ta yi mana nisa ba. Mu nawa ne a nan ke da takardar filin da ya gina? Mu nawa suka taɓa zuwa gaisuwar rasuwa gidan maƙwabcinsu Bagbagyi?

Sannan yaƙi ya zo a Afrilun 2023. Ya ci Wad Madani a Disamban shekarar, ya shiga jihar Sinnar a tsakiyar 2024. Mun yi wata biyar wayar danginmu ba ta shiga. Da ta shiga, an ce mana dattijon nan ya rasu, maganin ciwon sukarinsa ne ya yanke. Allah ya jiƙansa.

Mun san ba mu kaɗai ke da jini a can ba. Magatakarda ya buɗe littafi. Duk mai dangi a Sudan, bayan La'asar ya je ya ba da sunan gidansu da garin da aka ji labarinsu na ƙarshe, mai abin taimako kuma ya miƙa wa ma'aji ya karɓi rasit. Wassalamu alaikum.