Jawabi Kan Atishawar Hunturu Da Maganin Fesawa A Hanci

Shugaba, dattawa, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mazauna Digil.

Da zarar hunturu ya kama a watan Nuwamba, sai ka ga mutum yana ta atishawa, hanci na zuba, ido na ƙaiƙayi. Sau da yawa ba mura ba ce, jikinsa ne ba ya shiri da ƙura.

To, maganin fesawa a hanci iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin. Wannan kada a wuce kwana 7 da shi, in an zarce hancin ƙara toshewa yake yi. Akwai kuma mai sitiroyid, irin su Beconase, wanda likitoci ke bayarwa tun shekarun 1970. Shi kumburin ciki yake ragewa a hankali. Kullum ake fesawa, wani lokaci sai an yi mako 2 kafin a ji cikakken sauƙi.

Kada sunansa ya tsorata ku. Kaɗan ne ke shiga jini, ba kamar ƙwayar dexa da wasu ke sha don ƙiba ba. A karkata bakin kwalbar wajen kunne, don gudun haɓo. Yara da masu ciki kuwa, su ga likita tukuna.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Wassalam.