BAYAN AN ƊORA WA KWAMFUTA SABUWAR MANHAJA: AIKIN DAREN FARKO



An nemi mu yi magana a kan abin da ya kamata ɗalibi ya yi wa kwamfutarsa bayan an share ta an ɗora mata sabuwar babbar manhaja, watau manhajar nan mai riƙe da ragamar inji, wadda sauran manhajoji duka suke zaune a kanta. Dalilin tasowar batun ba ɓoyayye ba ne. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10, bayan ta shekara goma da fitowa. An dai ƙara ɗan wa'adi ga waɗanda suka yi rajista, amma wa'adi ba ya wuce ranarsa. Magajiyarta kuwa, Windows 11, ba kowane inji take yarda ta hau ba, sai mai wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan. In ta Intel ce, galibi daga zubi na takwas zuwa sama. To, da yawa daga cikin kwamfutocin da ke ɗakunan kwananmu na hannu ne, sun riga wannan sharaɗi zuwa duniya, alhali kuwa lafiyarsu lau. Da tsohuwar zuma ake magani. Wannan ne ya sa wasunmu suka juya ga Linux.

Ita Linux wani ɗalibi ne kamarmu, Linus Torvalds, ya fara rubuta cibiyarta a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Rassanta suna da yawa. Za mu kafa misalinmu da Linux Mint, wadda aka fara a 2006, aka kuma gina ta a kan Ubuntu. Zubinta na 22, wanda ya fito a 2024, an yi alkawarin kula da shi har zuwa 2029. Wanda ya zauna a kan Windows kada ya tashi ya fita, domin mafi yawan abin da za mu faɗa ya shafe shi.

Abin da muka lura shi ne, da zarar inji ya tashi da sabuwar fuska, sai ka ga mai shi ya ɓata darensa na farko wajen zaɓen hoton bango da launin taga. Ba laifi ba ne, amma a kwamfutar ɗalibi abu mafi tsada ba injin ba ne, aikin da ke cikinsa ne: kundin bincike na shekarar ƙarshe, da bayanan da aka sha rana aka tattaro daga ƙauye zuwa ƙauye. Saboda haka muke ganin daren farko na kare wannan aiki ne, kwalliya ta biyo baya.

Matakin farko shi ne sabuntawa. Manhajar da aka ɗora daga filas hoton ranar da aka buga ta ce, kuma tun daga ranar nan an gano ramuka an toshe. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da watan Mayu na 2017, lokacin da muguwar manhajar nan ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin shi ne, Microsoft ta riga ta fitar da maganin wannan rami tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora maganin ba. A Mint akwai alamar garkuwa a ƙasan allo, ita ce mai kula da sabuntawa. Sabuntawar farko takan ci data da yawa, don haka a yi ta inda akwai intanet ɗin makaranta, ko a jira garaɓasar dare. Kuma lalle batir ya kasance cike. In wuta ta ɗauke inji ya mutu ana tsakiyar ɗori, kada a firgita a sake share komai. A buɗe tagar umarni a rubuta sudo dpkg --configure -a, sau da yawa wannan yakan ƙarasa abin da ya yanke.

Daga nan sai direbobi, watau ƙananan manhajojin da ke fassara tsakanin babbar manhaja da sassan inji. Linux takan zo da mafi yawansu a cikinta. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne na'urar kama intanet ta Broadcom da na'urar hoto ta NVIDIA. Wanda injinsa ya ƙi ganin intanet sam, ya jona wayarsa da kebul ya ara daga gare ta, ya buɗe mai kula da direbobi, ya ɗora wanda aka ba shi shawara. Katangar tsaro kuma takan zo a kashe. Kunna ta bai fi minti guda ba, kuma ya kamaci duk mai hawa intanet ɗin da ɗaruruwan mutane ke hawa tare.

Yanzu mun zo inda muke son mu ɗan daɗe, batun ajiyar ko-ta-kwana. Mint tana zuwa da wata manhaja mai suna Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton yanayin babbar manhaja, ta yadda in wata sabuntawa ta ɓata inji, sai a komar da shi yadda yake jiya. Abu ne mai kyau ƙwarai, a kunna shi kafin a taɓa komai. Amma a nan ne mutane ke ruɗuwa. Timeshift, a yadda take zuwa, ba ta ɗaukar takardunka. Manhaja take karewa, ba kundinka ba. Kuma in ka bar hotunan nata a kan faifan da manhajar take, ran da faifan ya mutu tare za su tafi. Ɗalibin da ya kunna Timeshift ya kwanta da tunanin babi na huɗu yana cikin aminci, ya rufe ƙofar zaure ne ya bar ta ɗaki a buɗe.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A wurin ɗalibi ma'anarta ita ce ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filas ko faifan waje, ɗaya a intanet. Google ma tana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya fi ƙarfin rubutun kowane kundi. Maganar wuri dabam ita ce ginshiƙi. Filas ɗin da ke kwana a aljihun jakar kwamfuta ba ajiya ba ne, domin ɓarawon da ya ɗauki jaka ba ya tsayawa ya zazzage maka shi. Sa'an nan a gwada: a ɗauko fayil ɗaya daga ajiyar a buɗe shi a wani inji a gani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu ajiye Windows da Linux a inji ɗaya, musamman ɗaliban injiniya da zanen gini da ba su da makawa sai AutoCAD, wadda ba ta da zubin Linux, za su gamu da abu biyu. Za su ga agogon Windows ya koma baya da awa guda duk lokacin da suka fito daga Linux. Ba aljanu ba ne. Linux tana ɗaukar agogon cikin inji a matsayin lokacin Girinwic, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma a Nijeriya da Nijar muna gaban Girinwic da awa ɗaya. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yakan sasanta su. Na biyu, a kashe tsarin nan na saurin tashi a Windows, domin ba ya barin ta ta mutu sosai, sai Linux ta ƙi yin rubutu a ɓangarenta na faifai.

Sai batun da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Baki dabam, baƙi dabam. Kafa dabam, ƙafa dabam. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa masu ɗauke da su, kuma aikin ya yi wa marubuta da maɗaba'u rana ƙwarai. Sai dai dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wani harafi a zaunar da namu. Shi ya sa har yau in aka buɗe tsohuwar takarda a injin da ba shi da irin zubin, sai a ga qasa da xaya da vata, ko kuwa }asa. Yanzu tsarin Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita kuma 01B4. Manyansu su ne 0181 da 018A da 0198 da 01B3. Harafin da aka rubuta ta wannan hanya yana nan yadda yake a kowane inji, kuma in an neme shi a intanet za a same shi.

Don haka tun daren farko a shiga wurin saita madannai a ƙara tsarin Hausa. Linux tana da na Nijeriya, tana da na Gana, Windows ma tana da nata. Wanda bai saba ba tukuna, a cikin LibreOffice ko Word ya rubuta lambar harafin ya danna Alt da X tare, sai lambar ta rikiɗe ta zama harafi. A kuma ɗora zubi irin su Charis da Gentium da Andika na cibiyar SIL, ko Noto na Google, waɗanda ƙugiyarsu ke fita tsaf a takarda. Mu a ganinmu, ɗalibin Sashen Harsunan Nijeriya da ya miƙa kundi da q a madadin ƙ a wannan zamani ba shi da sauran uzuri.

Game da LibreOffice ɗin, ita ke zuwa a madadin Word. Sassa da yawa suna sharɗanta Times New Roman, ita kuwa Mint da Liberation Serif take zuwa, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na wancan, don haka shafi ba ya zamewa. Carlito ma haka yake da Calibri. Abin da za a kai wa malami ya yi gyara a ajiye shi a tsarin docx. Abin da za a kai shagon buga takardu kuwa a mai da shi PDF tukuna, domin shi yakan tafi da haruffansa a cikinsa, ba ruwansa da abin da ke injin mai shago. Mai dogon bincike ya ƙara da Zotero tun yanzu, ta riƙa tara masa manazarta yana tafiya, maimakon ya zauna haɗa su daren da za a miƙa aiki.

Akwai abu guda da ba a iya yinsa cikin sauƙi bayan an gama ɗori, shi ne kulle faifai gaba ɗaya da kalmar sirri, yadda ko an sace inji ba za a karanta abin da ke ciki ba. Lokacin ɗori ake zaɓarsa. Wanda yake riƙe da bayanan mutane, kamar ɗaliban likitanci da masu hira da jama'a, in bai zaɓa ba, gara ya sake ɗorin yau da injin yake fanko, da ya bari sai ya cika. Amma ya sani in kalmar ta ɓace, babu mai gyaran da zai iya buɗe masa, don haka ya rubuta ta a takarda ya ajiye a gida.

Filas ɗin da aka yi ɗorin da shi kuma kada a goge shi a zuba fina-finai. Ran da inji ya ƙi tashi, da shi za a tayar da shi a kwashe takardu. A ɗaura masa alama, a sa shi a akwati.

Shugaba, a nan za mu dakata, mu saurari tambayoyi.